Ƙarfe Ya Samu Wurin Zama, Ina Sunayen Mamatan? Sharhi a Kan Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia



Daga nan Ama Hausa ta Owerri zuwa Umuahia bai kai tafiyar awa biyu a mota ba, kuma da yawanmu muna bin hanyar saboda harkar kasuwa. Amma da za a tsayar da mu bayan sallar Juma'a a ce wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke garin ya ɗaga hannu, ina jin ba za mu cika sahu ɗaya ba. Ni na je, na zagaya shi ciki da waje. Hukuncina a kansa shi ne: wuri ne da ya cancanci kowane magidanci a unguwar nan ya kai iyalinsa, amma an gina shi don tunawa da mutanen da suka mutu, sai ya fi tunawa da makaman da suka kashe su. Wannan giɓi kuwa mu ya fi shafa, kuma zan faɗi dalili.

An kafa gidan ne a 1985, zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon, shekara goma sha biyar bayan gama yaƙin basasa. Ba a banza aka zaɓi Umuahia ba. Da sojojin tarayya suka karɓe Inugu a watan Oktoban 1967, nan gwamnatin Biyafara ta mayar da hedikwatarta, ta zauna har zuwa Afrilun 1969 da garin ya faɗi. A filin da gidan yake akwai ginin ƙarƙashin ƙasa inda gidan rediyon Biyafara yake watsa shirye-shiryensa a lokacin. A wata unguwar kuma akwai maɓoyar Ojukwu, ita ma a ƙarƙashin ƙasa, kuma tana cikin wuraren da ake kai baƙi. Taken da aka ba gidan, in an juya shi da Hausa, ma'anarsa ita ce kada mutuwarsu ta tafi a banza. To, da wannan taken zan auna shi, tunda shi ne alƙawarin da ya ɗauka da bakinsa.

Abin da mutum zai gani

Cikin ginin kashi uku ne. Na farko kayan yaƙin gargajiya: kwari da baka, masu, takubba, garkuwa, bindigar toka. Bahaushe ba zai ji baƙunta a nan ba, don irinsu ake fitowa da su a hawan sallah. Na biyu tarihin rundunonin ƙasar nan ne, na ƙasa da na ruwa da na sama, da kakinsu da lambobinsu da hotunan manyan hafsoshi. Na uku shi ne na yaƙin basasa, wanda ake gangarawa cikinsa ta matakala, hotunan jagororin ɓangarorin biyu suna jikin bango. Can ciki akwai hotunan yaran da yunwa ta kama, ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara. Duk mai 'ya'ya in ya tsaya gabansu sai jikinsa ya yi sanyi.

A waje kuwa filin ƙarfe ne. Ga motocin sulke, ga igwa, ga jiragen saman yaƙi da gwamnatin tarayya ta samo daga Rasha, ga ɗan ƙaramin jirgin da Biyafara ta ɗaura wa rokoki, irin wanda wani Bature ɗan ƙasar Suwidin, Von Rosen, ya jagoranci kai hari da su a 1969. Ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny an girke shi a tudu. Sannan ga ogbunigwe, nakiyar da masana da maƙeran Biyafara suka ƙera da hannunsu a lokacin da aka toshe musu hanyar shigo da kaya. Ma'anar sunan da yaren Ibo ita ce mai kisan taro.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole a yaba inda ya kamata. Ba kowace gwamnati ce za ta ci yaƙi sannan ta ajiye makaman wanda ta ci kusa da nata, ta bari a ga fasaharsa ba. Da Janar Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci, a wannan filin maganar ta samu jiki. Na biyu, gidan bai ɓoye yunwar ba. Mu da muka taso a Arewa, labarin yaƙin da muka ji na jarumtaka ne da waƙoƙin zuga soja a rediyo. Ba a cika gaya mana cewa mafi yawan waɗanda suka mutu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce da cuta, kuma yara ne da mata da tsofaffi. Masu ƙiyasi sun saɓa a kan adadin, amma da yawa suna cewa ya kai miliyan ɗaya ko ya wuce. Wanda yake zaune da maƙwabtan da iyayensu suka ga wannan da idonsu, ya kamata shi ma ya ga hoton. Gani ya kori ji.

Inda gizo ke saƙa

Amma ku lura da abin da ke faruwa da mai ziyara, musamman matashi. Yana fitowa filin nan sai ka ga fuskarsa ta washe, ya ciro waya, ya jingina da motar sulke a ɗauke shi hoto. Ban ga laifinsa ba. Haka aka tsara wurin. Kowane ƙarfe yana da suna da bayani: wannan daga ƙasa kaza aka sayo shi, wancan a nan gida aka ƙera shi. Amma yaron da ya ƙone a cikin motar, wane ne shi? Ɗan wane gari ne? Wa ya bari a gida? Na duba ko zan ga bango ko allo ko littafi da aka jera sunayen ƙananan sojojin da suka mutu, ban gani ba. Manyan hafsoshi suna da fuska da suna. Kurtu kuwa, wanda shi ne ya fi kowa mutuwa, ya ɓace a nan kamar yadda ya ɓace a daji.

Kuma ba mutane kaɗan ake magana ba. Kafin yaƙin sojan Najeriya duka bai wuce dubu goma da 'yan kai ba. Ranar da aka gama, ya kai wajen 250,000. Daga ina aka samo su? Daga gona, daga tasha, daga kasuwa, daga makaranta, har da 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama aka sake kiransu. A ba mutum horo na 'yan makonni a miƙa masa bindiga. A watan Oktoban 1967 runduna ta biyu, ƙarƙashin Murtala Muhammad, ta yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha, aka yi asarar sojoji masu yawa, wasu ruwa ne ya ci su. A ƙarshen Maris na 1968 aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta cinye shi. A nan Owerri da muke kasuwancinmu, sojojin Biyafara sun yi wa birged ta 16 ta sojan tarayya ƙawanya wata da watanni, sai ta jirgin sama ake jefa musu abinci da harsashi, har suka fasa suka fita a Afrilun 1969. Mutane sun mutu daga ɓangarorin biyu a kan hanyoyin da muke bi yau da kayanmu. Ina sunayensu?

Wani zai ce, Malam, mamaci me zai yi da suna? Ai addu'a yake buƙata. Gaskiya ne, addu'a ce gaba. Amma ku tuna yadda magabatanmu suka yi. Malaman tarihin Musulunci sun rubuta sunayen waɗanda suka halarci Badar ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da ƙabilarsa. Sun rubuta na mutum wajen saba'in da suka yi shahada a Uhudu, ba su tsaya a kan Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu kaɗai ba don su ne sanannu. Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato rajistar mayaƙa, don a san kowa a ba shi haƙƙinsa da na iyalinsa. Ba ina haɗa darajar sahabbai da ta kowa ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne, rubuta sunan wanda aka tura fagen fama al'adarmu ce tun asali, ba kwaikwayon Bature ba.

Kuma suna ba ado ba ne, hukunci yana rataye da shi. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san akwai babi guda a kan mutumin da ya ɓace. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi, bayan alƙali ya yi bincike bai samu labari ba, za ta jira shekara huɗu sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wanda ya ɓace a fagen fama kuma yana da nasa hukuncin daban. Gado ma sai an tabbatar da mutuwa ake raba shi. A garuruwanmu na Arewa gidaje nawa ne ake cewa wane ya tafi soja bai dawo ba, shi ke nan? Ba gawa, ba kabari, ba ranar da za a ce yau ce. Uwa ta mutu tana sauraren sallama a ƙofar gida. Haka yake a gidajen maƙwabtanmu Ibo, wataƙila ma fiye. Irin waɗannan gidaje su ne ya kamata gidan tarihin ya fara yi wa magana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Turawan mulkin mallaka, duk da zaluncinsu, sun yi wannan ga kakanninmu da suka mutu a yaƙin Hitila. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, a ƙasar Bama, akwai ginshiƙan da aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma. A yaƙin duniya na farko ba su yi wa baƙar fata wannan adalcin ba, kuma a 2021 gwamnatin Ingila ta fito ta nemi afuwa a kai. To, in baƙo ya ga rashin rubuta sunan mamacinmu abin neman afuwa ne, mu masu ƙasar me za mu ce?

Me ya sa abin ya fi shafar mu

Yanzu ga inda nake so jama'ar unguwa su buɗe kunne. Duk wanda ya daɗe a nan ya san yadda ake ba da labarin yaƙin a bakin titi: Hausa ne suka yaƙi Ibo. Mu ma a Arewa haka wasunmu suke faɗa, sai dai su juya shi. Filin da ba shi da komai sai makamai ba ya ƙaryata wannan labarin. Yaro zai ga ƙarfen wannan ɓangare, ya ga na wancan, ya cike sauran da abin da ya ji a gida.

Sunaye kuwa da sun ƙaryata shi. Shugaban ƙasa a lokacin, Yakubu Gowon, Kirista ne ɗan ƙabilar Angas daga Filato. Benjamin Adekunle da Olusegun Obasanjo, waɗanda suka jagoranci runduna ta uku ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasar Yarbawa suke. Isaac Boro, mutumin Ijo, a ɓangaren tarayya ya mutu a 1968. Tibi da Idoma da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa sun cika sahun sojan ƙasa. A ɗaya ɓangaren, Philip Effiong da ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairun 1970 ba Ibo ba ne, Ibibiyo ne. Victor Banjo da ya jagoranci sojan Biyafara zuwa yankin Benin Bayarbe ne. Da akwai bangon sunaye, da yaron Owerri zai karanta ya ga Musa kusa da Terhemba, kusa da Adebayo, kusa da Okon, kusa da Chukwuma. Da zai gane cewa gwamnati ce da gwamnati suka yi yaƙi, talakawan kowace ƙabila suka mutu, ba mai sayar da albasa na Ama Hausa ba ne ya yaƙi kakansa.

Ba sai na tuna muku ba, duk lokacin da rikici ya tashi a wani gari a Arewa, mu ne ba ma barci a nan. Haka Ibo mazauna Sabon Gari suke kwana da fargaba in abu ya faru a nan. Mu da su jingina ne a hannun juna. Duk abin da zai rage kuɗin goron da ake yi mana, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Giɓi na biyu yana da alaƙa da na farko. Gidan ya fi ƙarfi a kan yadda aka yi yaƙin, ya yi rauni a kan yadda aka kai ga yaƙin. Ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. A ƙarshen Yulin shekarar aka kashe Janar Ironsi, wanda ɗan Umuahia ne, tare da Fajuyi mai masaukinsa a Badun. A watan Mayu, da kuma Satumba zuwa Oktoba, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, sauran suka baro dukiyarsu suka gudo. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma abin ya taɓa su, aka kwashe su suka bar shagunansu da gidajensu, unguwanni irin tamu suka zama kufai. A Asaba, Oktoban 1967, sojojin tarayya sun kashe fararen hula maza masu yawa.

Kowane ɓangare ya haddace rabin wannan lissafin ya manta rabi. Mu muna farawa da Sardauna mu tsaya. Su suna farawa da kisan Arewa su tsaya. Kashe wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne, ko a Kano aka yi shi, ko a Kaduna, ko a Asaba, ko a Fatakwal, kuma babu jinin da ke wanke wani jinin. Gidan tarihi na ƙasa shi ne wurin da ya kamata a jera lissafin duka a bango ɗaya, yadda ba wanda zai fita da rabinsa kaɗai. Makami ƙarshen labari ne. Farkonsa jita-jita ce, da kuɗin goro, da shirun manya. Wannan farkon shi ne yaranmu suke buƙatar su gane, don shi ne yake dawowa, yanzu ma ta waya.

Ƙaramin gyara na uku: bayanan da ke jikin kayan da Turanci suke. Dattijon da ya yi yaƙin da kansa, ko matar da ta rasa miji a cikinsa, sau da yawa ba su yi boko ba. A sa Hausa da Ibo da Yarbanci kusa da Turancin, ai ba wani tsada ba ne.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mu baƙi ne a nan, kada a yi fami. Ina girmama wannan magana, don daga tsoro na gaskiya ta fito. Amma ciwon bai warke ba balle a ce za a fama shi. Shekara sama da hamsin ke nan, ga shi har a 'yan shekarun nan maganar Biyafara ta sha hana buɗe kasuwa. Shirun da aka yi bai kashe labarin ba, sai dai ya bar shi a hannun masu zafin kai na kowane ɓangare.

Wasu kuma za su ce takardun sun ɓace, ba za a iya tattara sunayen ba. To, a fara da wanda ake da shi. Rundunar soja tana da rajista, ƙungiyar tsofaffin sojoji tana nan, majami'u da ƙungiyoyin garuruwan Ibo sun san 'ya'yansu, masu unguwanni a Arewa sun san gidan da aka tafi ba a dawo ba. A ajiye littafi a buɗe, duk wanda ya zo ya rubuta nasa. Bangon da bai cika ba ya fi babu. Kuma lokaci yana ƙurewa, don wanda ya shiga yaƙin yana ɗan ashirin yau ya haura saba'in.

Akwai kuma masu ƙyamar irin waɗannan wurare saboda abin da suke gani a bikin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya: ajiye furanni gaban mutum-mutumin soja, harba bindiga, sakin tattabaru. Ni ma ban ce fure yana amfanar mamaci ba, kuma ban ce kowa ya rusuna wa gunki ba. Amma zuwa gidan tarihi ba bauta ba ce, neman izina ne, kuma addininmu ya kwaɗaitar da duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Ka je ka gani, ka yi wa Musulmin cikinsu addu'ar gafara, ka tausaya wa iyalan kowa, ka roƙi Allah kada ya maimaita mana.

Abin da ke hannunmu

Gyaran gidan tarihi aikin hukuma ne, kuma ina fata shugabannin unguwa za su rubuta mata takarda cikin ladabi, in da hali tare da shugabannin maƙwabtanmu, don buƙatar tamu ce duka. Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Malaman Islamiyyarmu su shirya wa manyan ɗalibai ziyara, mota ɗaya ta isa. A tafi da dattijo wanda ya san zamanin, kuma a fara da hotunan yunwar kafin a fita filin makamai, don abin da yaro ya fara gani shi yake zama masa ma'auni. In ya tsaya gaban motar sulke, a tambaye shi: mutum nawa kake jin suna ciki, kuma wa ke jiransu a gida?

Sannan a ajiye littafi a masallacin Juma'a. Duk wanda yake da uba ko kawu ko kaka da ya tafi yaƙin basasa ko na Bama bai dawo ba, ko ɗan'uwa da ya rasu a bakin aikin soja a Borno ko Zamfara a 'yan shekarun nan, ya kawo sunansa da garinsu. A Juma'ar da ta fi kusa da 15 ga Janairu a karanta sunayen a yi addu'a. In akwai gwauruwa ko maraya da aka bari, a san su, a sa su cikin rabon zakka da sadaka. Littafi ɗaya da biro ɗaya ne kuɗin aikin.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya, ya bar mu da maƙwabtanmu cikin amana. Wassalamu alaikum.